Layi na Biyar na Ranar Tara ga Nuwamba

12 ga Oktoba

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da matarka da yara, da kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mana kamar ba mu san halinka ba. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana gaishe ka. Idonta yana nan yadda ka bar shi, haske take gani ba fuska ba, amma bakinta ras yake. Jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan na cika gishiri.

Na zaɓi takarda ne maimakon waya saboda kunnen Inna. Ko a banɗaki na yi raɗa tana ji, abin da zan faɗa maka kuwa bai kamata ta ji ba.

An kawo mana sabon manaja a gidan rediyo. Matashi ne, kullum kwamfuta a hammata, turarensa yana riga shi shiga ofis. Makon jiya ya kira ni ya ce shirina na tarihin rana ya yi tsawo. Ka san shekara goma sha huɗu ke nan ina rubuta shi: minti ɗaya da rabi bayan labaran ƙarfe bakwai na safe, abubuwa biyar da suka faru a rana irin ta yau, mai gabatarwarmu da muke kira Mai Murya ya karanta. To yanzu an ba masu tallar sabulu rabin mintin. Saura minti ɗaya, abu huɗu. Kuma duk abin da zan sa, sai ya kasance yana cikin babban jerin tarihin da ke cikin kwamfutarsa.

Yana magana, ni hankalina ya riga ya tafi tara ga Nuwamba. Ka san ranar cike take maƙil. Akwai janar ɗin da ya ƙwace mulki shekara fiye da ɗari biyu da suka wuce, akwai babban sarkin da aka sanar da saukarsa daga mulki a ƙarshen yaƙi, akwai daren da aka bi shagunan wata al'umma da wuraren ibadarsu ana fasawa ana ƙonawa, akwai katangar da ta raba birni gida biyu aka buɗe ta. Huɗu ke nan cif. Na biyar shi ne namu: gobarar masana'antar ɗinki, mata goma sha bakwai, ƙofa a kulle ta waje, 'yar'uwarmu Gajera a cikinsu. Wannan ba ya cikin jerin kowa. Ni na cusa shi tun shekarar da na fara aiki, tsohon manaja ya gani ya kau da kai, Allah ya saka masa.

A gidanmu kai kaɗai ka san haka. Inna har gobe tana ɗauka aikina a can shi ne jera takardu, kuma manyan rediyo ne da kansu suka zauna suka auna, suka ga mutuwar 'yarta ta isa a ambace ta tare da sarakuna. Ka sha jin ta tana faɗa wa baƙi cewa mutanen da ba su taɓa ganin Gajera ba ma ba su manta da ita ba. Kotu ba ta yi komai ba, wurin ma an mai da shi gareji, ba ko allo. Layin nan ɗaya shi ne abin da ya rage mata.

Saura kwana ashirin da takwas. Ka taya ni addu'a, kaina ya kulle.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

26 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya jikin ƙaramarku? Allah ya ƙara sauƙi. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku, sau biyu cikin fushi.

Wai in faɗa wa Inna gaskiya. Yaya, kai ma dai! In ce mata me? In ce duniyar da take godiya gare ta shekara goma sha huɗu ba kowa ba ce illa ni, wadda take wanke wa kwanon abinci? Ba layin bana kaɗai zan ƙwace mata ba ke nan, har na shekarun baya zan haɗa. Ita kuma shawararka ta biyu, ta a naɗi muryar Mai Murya a waya a kunna mata, da alama ka daɗe ba ka zauna da Inna ba. Rediyon a cinyarta yake kwana yake tashi, da yatsa take gane tashar, kuma matar gidan gaba, wadda ita ma ƙanwarta ta ƙone a ciki, tana shigowa duk shekara su saurara tare. Wa zan yaudara a cikinsu?

Na koma wurin manaja. Na ɗauki yankin jaridar nan da ya koma ruwan ƙasa, wanda sunan Gajera yake na tara a jeri, na ajiye masa a kan tebur. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya karanta har ƙarshe, ya yi mini ta'aziyya, har ruwa ya sa aka kawo mini. Sannan ya juyo da kwamfutar ya nuna mini: ya rubuta ranar, abubuwa fiye da sittin suka zubo, namu babu. Ya ce in ya buɗe mini ƙofa, gobe mai gadi ma zai kawo rasuwar kakansa, kuma masu sabulu ba sa son a sa mutane kuka kafin waƙarsu. Na buɗe baki in ce masa mata goma sha bakwai ba kakan mai gadi ba ne, sai na fasa, na tattara jaridata na fito. Haushin kaina ya fi na shi yawa.

Mai Murya ne ya same ni a bakin matakala. Ka tuna shi, dattijon nan mai furfura a gefe ɗaya, wanda ba ya shan ruwan sanyi don kada maƙogwaronsa ya yi fushi. Ashe tun tuni ya gane layin nawa ne, bai taɓa nuna mini ba. Ya ce shirin kai tsaye ake yin sa, abin da ya fita daga bakinsa ya fita. Matsalar ita ce na'ura: daƙiƙa sittin na cika take yanke shi ta saki talla, ba ta san sarki ba balle talaka. In na iya matse huɗun nan cikin daƙiƙa arba'in da biyar, zai karanta na biyar daga wata 'yar takarda a aljihunsa, abin da zai biyo baya ya biyo. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Na ce masa ina tsoron in ja masa, ya ce in je in yi aikina in bar masa nasa.

Ga inda muke. Ka gaida matarka, ka ce mata na ga saƙon zanen, Inna ta shafa ta ce mai kyau ne.

Taka,
Auta

5 ga Nuwamba

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Wannan gajera ce, hannuna ya gaji.

Kwana goma ina yanka da agogo a gabana. Janar ya koma kalma tara, ban ji komai ba, dama ya ci zamaninsa. Sarkin ma na aske shi tas. Katangar ta ƙi matsuwa, sai ka faɗi shekara nawa ta yi tsaye kafin mutum ya gane dalilin murnar. Da na zo kan daren fasa shaguna, na ga in na cire adadin waɗanda aka kashe zan samu daƙiƙa huɗu. Na ja layi a kai. Na zauna ina kallon layin, sai kunya ta kama ni, Yaya, domin su ma ai akwai wadda ta haife su. Na mayar. Na sake cirewa. Yanzu dai yana nan.

Mun gwada da Mai Murya a ƙaramin ɗakin naɗi, ni riƙe da agogo. Arba'in da tara. Ya sake, arba'in da bakwai. Ya ce in ya ƙara sauri zai zama kamar mai gwanjo. Layinmu kuma daƙiƙa goma sha biyu yake ci, bayan na cire maganar ƙofar da aka kulle. Ka ga saura daƙiƙa ɗaya tal tsakaninmu da na'ura.

Ita kuwa Inna ta sa na sayo sabon batir tun shekaranjiya, ta hana a sa shi sai ranar. Ta sa an goge mayafinta mai ruwan toka. Tana ta ba ni labarin yadda Gajera take taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya saboda ɗayar ba ta kaiwa. Na yi dariya, na koma kan agogona.

Da za ka iya zuwa da na ji daɗi, amma na san ba su ba ka hutu. Ka yi mana addu'a ranar da ƙarfe bakwai.

Auta

13 ga Nuwamba

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ka yafe mini rashin ɗaukar wayarka, na san abin da za ka tambaya, ba zan iya faɗar sa a gaban Inna ba.

Na ɗauki hutun safiyar kamar kowace shekara. Inna ta yi wanka tun da wuri, ta yafa mayafin, ta zauna a bakin gado da rediyo a cinya. Matar gidan gaba ta shigo ta zauna a kujerar roba. Ni ina ƙasa, na jingina da ƙofa, ina ƙirga daƙiƙa a zuci.

Janar ya wuce lafiya. Sarki ya wuce. A kan daren shaguna, daidai wurin adadin, muryar Mai Murya ta sarƙe, ya tsaya ya gyara ta. Bai fi ƙiftawar ido uku ba. Ya bi ta kan katanga a guje, na ji ƙarar 'yar takardar yana warware ta, ya ce haka kuma a rana irin ta yau, shekara ashirin da biyu da suka wuce, a wata masana'antar ɗinki. Nan na'ura ta yanke shi. Sai muryar mata suna waƙar sabulu mai sa kaya su yi fari.

Inna ta jijjiga rediyon. Ta murɗa, ta dawo, ta kara shi a kunne. Ta ce in duba batir ɗin ko na jabu aka ba ni. Muka zauna har aka gama talla, aka shiga hasashen yanayi, aka shiga wasanni. Matar gidan gaba ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta ta fita, ko sallama ba ta iya yi ba.

Na jira kuka, Yaya, na shirya masa. Bai zo ba. Wajen azahar ta ce in ɗauko takarda da biro za ta aika wa masu shirin saƙo. Na zauna a gabanta ina rubuta abin da take faɗa, ga shi na kwafo maka yadda ta ce:

"Ku gaida mai karantawa, na ji ya yi ƙoƙari. Na gode muku da shekarun da kuka yi kuna tuna 'yata, ba ku san ni ba, ban taɓa ba ku komai ba. Na fahimci ranar ta yi cunkoso, manya sun yi yawa a cikinta, ba na jin haushi. Roƙona ɗaya ne. In babu wuri a wannan, ku duba cikin shekara ku samo ranar da ba a yi komai ba, ku mayar da su can su goma sha bakwai, ku sanar da ni in riƙa saurara. 'Yata ba ta da rigima, duk inda aka ajiye ta za ta zauna."

Ta sa na karanta mata sau biyu, ta dangwala yatsa a ƙasa. Na ce zan tafi da ita gobe, ta ce a'a, kada a ce don 'yarta tana jera musu takardu ne take neman alfarma. Direban gidan gaba ta ba ya kai.

Shekaranjiya na iske ta a kan teburina. Manaja ya rubuta a samanta da jan biro cewa mai shirin ta amsa cikin ladabi. Rubutun hannuna ne a ciki, bai ma lura ba. An ba Mai Murya takardar gargaɗi, ya ninke ta ya sa a aljihu, amma tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma haka.

Abin da zan faɗa maka yanzu kada ka yi mini dariya. Na nema. Na san ko na samu ƙarya zan rubuta, domin ba ranar suka mutu ba, amma na zauna na bi shekarar rana bayan rana, tun daga ɗaya ga Janairu har ƙarshen Disamba, har da ashirin da tara ga Fabrairu da ba ta zuwa sai bayan shekara huɗu. Babu ranar da ba ta da yaƙinta da sarkinta da girgizar ƙasarta. Mafi ƙarancinsu ta fi ƙarfin huɗu nesa ba kusa ba.

Kullum na dawo, kafin in cire takalmi take tambaya ko sun amsa. Ina ce mata irin waɗannan wurare sai a hankali. Ta cire sabon batir ɗin ta ƙulle shi a bakin mayafi, wai kada ya ƙare kafin a sa rana. Takardar amsar tana cikin jakata, ban wuce sallama ba.

Ka gaida matarka da yara. Inna ma tana gaishe ka, ta ce kai da ka yi karatu mai zurfi ka taya su dubawa, ko ka san wata rana da ba a yi komai ba.

Ƙanwarka,
Auta