Buhun Gavril

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya su Ilinca? Lafiyata lau a nan birnin Oradea, tarin nan ne kawai ya ƙi barina.

Makarantar fastoci ta ba ni aikin raba wa mabukatan ƙauyenmu garin masara ranar Kirsimeti. A jerin mabukatan na ga sunan Gavril, wanda ya kulle mana maƙabarta lokacin da Baba ya rasu, yana cewa, “’Yan sabon coci, ku binne abinku bayan shinge!”

Kada ki ce in yafe, ba mu zo wannan darasin ba tukuna. Da kaina zan saɓa buhunsa, in tsaya a ƙofarsa sai ya ce ya gode.

Allah ya bar mana ke. Ki goge mini kwat ɗin Baba, shi zan sa.

Ɗanki,
Anatol