Gashin Kakanku Yana Cikin Kwalin Ashana

Ni mai aski, ubanku, na rubuta wannan da hankalina garau. Gobe za a yi mini aikin kaba. Likita ya ce ba zafi, amma ni ma haka nake ce wa yaro kafin in ɗora masa reza. In ban tashi ba, mamanku ta karanta muku.

1. Babba, shago naka ne, da injin aski biyu. Kujerar tana karkata hagu, ka sa mata katako. Sanƙo ma yana hanya, na ga yadda goshinka yake tafiya. Wannan ba ni na raba ba.

2. Mai Tabo, farin gashin nan na gaban kanka, na duba kawunan dangi kaf, babu mai shi. Likita ya ce wani lokaci sabon abu kan ɓullo a jini ba sallama. Daga kanka ya fara. Kada ka rina, jikokinka su san wanda za su zarga.

3. Auta, taki ce babbar magana. Gwaggonku, yayata, shekara huɗu ba ta tako gidanmu ba, wai an musanya ki a asibiti, tunda gashinki ja ne, nawa da na mamanku baƙi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma shekara goma sha biyu ina share gashin mutane. Baƙin gashi danniya gare shi. Ja kuwa haƙuri: ya laɓe a jikin mutum shiru, sai ya gamu da irinsa daga ɗaya ɓangaren ya fito. Kakar mamanku gashinta ja ne, rini take yi. Babana ma nasa ja ne, shi ya sa tun kafin a haife mu yake ƙwal-kwabo duk kwana uku, ya kifa hula. Da na karɓi askinsa ya ce in na faɗa bai yafe ba. Baba, ka yafe. Askinsa na ƙarshe yana cikin kwalin ashana, a aljihun teburin shago. Naki ne.

4. A kai wa Gwaggo kwalin. A zaunar da ita tukuna, a ba ta ruwa. Kada wanda ya yi dariya. In ta fara kuka, Auta ki hau cinyarta.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku. Ku riƙe mamanku, ku riƙe juna, kada gashi ya sake raba gidan nan. Gwaggo kuma ku lallaɓa ta, za ta buƙace ku: jan yana jikinta, ga tsohon ciki, mijinta kuwa ni nake masa aski, na san abin da na gani a gemunsa.