Gurabe Shida a Kwaleji

Nima, Accra
9 ga Maris, 1981

Zuwa ga maigidana, Baban Jalilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Yaya koyarwa, yaya zafin Sakkwato? Jalilu ya fara tafiya, yana bin bango. Hajiya mahaifiyarka kuma ƙafarta ta yi sauƙi, har ta je masallaci ranar Juma'a.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ka san kwalejin horon malamai mata da nake koyar da wasanni tana ware gurabe shida duk shekara don 'yan ƙwallon kwando. Bana na shirya yarana shida, waɗanda na ɗauko tun suna makarantar midil, muna atisaye a filin nan na Maamobi da ka taya ni kafa wa kwando. Shekara huɗu ina bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ina durƙusa wa iyaye, har suka yarda su yi wasa da dogon wando da ɗankwali. Dukkansu sun ci jarrabawar shiga.

To, ranar Litinin sabon shugaban kwaleji ya kira ni ofis. Wai yana son kofin kwalejoji a watan Nuwamba, ba zai jira yarana 'yan unguwar Zango su girma ba. Ya riga ya yi magana da wasu 'yan wasa a wata kwaleji kusa da Kumasi, za su sauya sheƙa su dawo wurinmu. Ya miƙo mini takarda in sa hannu. Na ce masa ban saba cin tuwon da wata ta tuƙa ba, na ajiye masa alƙalaminsa na fito.

Kada ka ce in yi haƙuri, don na san abin da za ka rubuto ke nan. Ka yi mini addu'a kawai.

Matarka mai kewarka,
Mulikatu

Nima, Accra
20 ga Afrilu, 1981

Baban Jalilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, kuma kamar yadda na faɗa, haƙuri ka ba ni. Na karanta, na gode. Muna lafiya, sai dai Jalilu ya yi mura kwana biyu, ta wuce.

Shugaba ya kawo 'yan matansa uku ba tare da sa hannuna ba. Saura gurabe uku ke nan, kuma ya ce ni zan zaɓi waɗanda za a bari. Ka ji rashin ta ido. In shiga gidan su Memuna, wadda uwarta take tashi tun asuba tana dafa wake da shinkafa don ta biya mata makaranta, in ce mata 'yarki ba ta kai ba?

Na ce ba zan zaɓa ba. A gaban malamai na ce ya haɗa nasa uku da tsofaffin 'yan wasan kwaleji, ni in kawo nawa, a buga. In mun ci, a ba yarana gurabensu duka. In an ci mu, ya zaɓa da kansa, ni kuma in bar masa ƙungiyar. Ya yi dariya ya amince.

Ba zan ɓoye maka ba, baƙin sun iya. Akwai wata Lamisi, 'yar arewacin Gana, doguwa, hannunta ba ya kuskuren kwando. Na so in tsane ta, ban iya ba. Kullum sai ta rusuna ta gaishe ni, kuma na ga takalminta duk ɗinki ne, kamar na yarana. Ita ma wata ce ta rene ta, aka zo aka ɗauke.

Ranar Asabar ta sama za a yi wasan. Iyaye mata sun ce za su cika motocin haya na trotro biyu.

Taka har kullum,
Mulikatu

Nima, Accra
25 ga Mayu, 1981

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan jikinka lafiya. Ka gafarce ni da jinkirin amsa, ban so in rubuto maka ina cikin fushi ba.

An ci mu, talatin da takwas da talatin da huɗu. Har rabin lokaci muna gaba. Zenabu, ƙaramar cikin yarana, ta hana Lamisi sakat, sai da ƙafarta ta gurɗe aka fitar da ita, daga nan wasa ya juya. Shugaba ya zaɓi Zenabu da wasu biyu. Babu Memuna. Na miƙa masa makullin ɗakin kayan wasa a gaban kowa. Ya ce ai wasa ne, in riƙe abina. Na ce ni ba da wasa na yi magana ba. Darasin aji kawai nake koyarwa yanzu.

Washegari na je wurin uwar Memuna a bakin tukunyarta. Na shirya jin zagi. Ta zuba mini abinci, sannan ta ce, Madam, ke kika ce mini yarinyar nan za ta zama malama, ni ban san wata hanya ba sai taki. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar gida tunani ya zo mini. Kwalejin da aka kwashe wa 'yan wasa uku, ai yanzu tana da gurabe uku a buɗe. Na nemi sunan malamarsu wurin Lamisi, ta rubuta mini har da kwatancen gidanta. Ranar Alhamis na ɗauki yarana uku da takardunsu muka hau motar Kumasi. Matar ta karɓe mu fuska a ɗaure, don ta ɗauka na zo ƙara ɗiba ne. Da ta ga wasansu na minti ashirin a fili, ta je ta kira shugabarsu da kanta.

Sun ɗauki biyu, har da Memuna. Ta ukun, Sala, makinta na lissafi bai kai yadda suke so ba. Tana nan gidanmu kullum da yamma ina koya mata, baɗi zan mayar da ita.

Shugabanmu ya ji labari, ya aiko mini takardar tuhuma, wai na ƙarfafa abokan hamayya. Na amsa masa a layi biyu, cewa yaran da ya ce ba ya so na kai inda ake so.

Ka ce in tattara in biyo ka Sakkwato in huta. Allah ya sani ina kewarka, amma ba yanzu ba. A Nuwamba kwalejojin biyu za su haɗu, Zenabu a wannan gefe, Memuna a wancan, kuma duk wadda ta jefa ƙwallo a kwando, ni na koya mata riƙe ta. Zan zauna a sahun gaba, inda Shugaba zai riƙa ganina.

Hajiya tana gaishe ka. Allah ya tsare mini kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Mulikatu