A Dawo Mini da Ma'ajiyar Kwamfutar Maigidana

Zuwa ga Alhaji, mai shagon sayar da kwamfuta a Kaduna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni mutuniyar Birnin Gwari ce, ana kirana Maman Asma'u. Ba ka san ni ba. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, malamin gona ne, kuma a shagonka ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka da yake aiki da ita. Ban ambaci sunan shagon ba, don ba tozarci na zo yi ba. Na rubuta a fili ne saboda ƙanena Lawal ya yi ta zuwa shagon bai same ka ba, kuma an ce mini kana duba wannan shafi. Zan faɗi abin yadda ya faru.

Na farko, yadda aka yi cinikin. Ban je ba, amma ya ba ni labari da ya dawo, yana murna. Kwamfuta biyu aka ajiye masa. Ɗaya ma'ajiyarta ta ciki babba ce, tana ɗaukar duk abin da mutum zai zuba. Ɗayar kuwa cikinta ƙarami ne, sai a haɗa wa mutum da ma'ajiyar waje, wani ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu, mai gajeriyar igiya. Ransa ya fi kwantawa da mai babban ciki. Da ma'aikacinka ya ji daga inda ya fito, sai ya ce ai ta biyun ce ta dace da shi: ya bar kwamfuta a gida, ya jefa aikinsa a aljihu.

Maganar ta shige shi, kuma ban ga laifinsa ba. A hanyarmu ba a rataya jakar kwamfuta. Wanda masu tare hanya suka kama da ita a daji, an gama yanke cewa ma'aikacin gwamnati ne ko mai hali. Ko waya ma, mutane kan share hotuna da saƙonni kafin su hau mota. Shi ya sa duk abin da ya ɗauka a waya yakan kwashe shi ya zuba a wannan akwatin kafin tafiya.

Na biyu, abin da aka yi wa kwamfutar kafin ya bar shagon. An saita masa ita yadda duk abin da ya ajiye zai wuce kai tsaye zuwa ma'ajiyar waje, wai don kada cikin ya cika ta riƙa nauyi. Babu wanda ya ce masa ya bar kwafi a ciki. Baban Asma'u mutum ne mai bin abin da masu sani suka faɗa masa, ko awon maganin feshi ba ya ƙarawa a kan abin da aka rubuta. Da an ce masa ya ajiye wuri biyu, da ya yi.

Abin da ke ciki ba rahoton gonakin Tabanni da Kusasu ba ne kaɗai. Akwai hotunan yaranmu tun suna zanin goyo. Akwai bidiyon sunan autanmu Mustafa, inda babansa yake riƙe da shi yana masa addu'a. Akwai muryarsa yana biya wa Asma'u karatu, tana kuskure yana dariya. Mustafa bai fara magana ba lokacin da babansa ya rasu.

Na uku. Ba zan bayyana yadda ya rasu ba, wanda ya san hanyarmu ya sani. Zai kai rahoto ofis ne, akwatin yana jikinsa, cikin wani ɓoyayyen aljihu da na ɗinka masa a ƙarƙashin hammatar riga, irin wanda matafiyanmu ke yi. Da aka kawo gawarsa, yayarsa, Yaya Hajara, ta tattara kayan jikinsa kafin in gani, ta jiƙa su a baho da garin sabulu. A wurinmu ba a barin matar mamaci ta ga irin wannan riga. Ta laluba aljihunan da kowa ya sani, ta fitar da carbi da makulli. Sai wajen matsewa ta ji abu mai tauri. Tausayina ta ji, kuma har yau ban bar kowa ya ce mata ta yi kuskure ba. Mun shanya akwatin a rana kamar yadda ake yi wa wayar da ta faɗa ruwa. Da aka jona shi, ya ɗan yi ƙara, ya yi shiru.

Kwamfutar tana nan a ɗakina, lafiyarta ƙalau. In na kunna ta ina ganin sunayen da ya rubuta: Sunan Mustafa, Karatun Asma'u, Sallah a gida. In na taɓa, sai ta ce ba ta ga wurin ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bayan na fita takaba, Lawal ya kai akwatin shagonka. An karɓa, aka ce ya dawo. Da ya koma aka ce masa abin ya mutu. Aka yi masa ta'aziyya, aka miƙa masa sabo a kwali, kyauta. Na gode da wannan, amma sabon babu kowa a cikinsa. Ya nemi tsohon, aka ce an jefa shi cikin kwalin matattun kaya da ake tara wa 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa, kuma ba mai ikon buɗe ɗakin ajiya sai kai. An ce masa kwalin ya kusa cika, da ya cika kuma za su zo su kwashe.

Wani malami a makarantar su Asma'u ya ce mini akwai masu buɗe irin wannan su ciro abin da ke ciki ko da ruwa ya taɓa shi, wani lokaci a dace, wani lokaci a rasa. Bai yi mini alkawari ba. Shi ne kuma ya fahimtar da ni cewa tun asali ba zaɓen ɗaya ake yi ba. Da maigidana ya ɗauki mai babban ciki, da yau komai yana ɗakina, amma da gida aka shigo aka ɗauke ta, da labarin ɗaya ne. Ta ciki da ta waje, kowacce an yi ta ne don ta tsaya wa 'yar'uwarta. Na yi mamakin yadda mai koyar da yara ya san haka, amma a inda ake sayarwa ba a faɗa ba.

Ban ce ku kuka kashe shi ba, ban kuma ce ku kuka jiƙa riga ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ga abin da nake roƙo:

Ɗaya, ka sa a dakatar da wannan kwalin na matattun kaya, a nemo mini akwatin. Yana da sauƙin ganewa: na ɗaura masa jan zare a igiya don kada yara su ɗauka, kuma gefe ɗaya ya yi fari saboda sabulu. Kada a goge shi, kada a sake jona shi.

Biyu, sabon yana hannun Lawal, ba a buɗe kwalin ba. Zai dawo da shi ranar da zai karɓi namu.

Uku, duk wanda ya zo saye, musamman mutanen wajenmu, bayan an tambaye shi nauyin aljihunsa, a faɗa masa a fili cewa abin da ba ya so ya rasa ya ajiye shi wuri biyu, ɗaya ya zauna a gida. Faɗin haka ba zai rage muku ciniki ba.

Idan an buɗe an sami muryar, Mustafa zai ji babansa. Idan ba a samu ba, duk da haka ina son abina. Shi ne abu na ƙarshe da ya kwanta a jikinsa, ba zan so a auna shi a sikeli tare da tsoffin ƙarafa ba.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Ya tsare ka a hanyoyinka, Ya raya maka zuri'a a gabanka, su san muryarka da kunnensu. Allah Ya jiƙan namu da naku da suka rigaye mu.

Wassalam.

Maman Asma'u,
Birnin Gwari.