Garmar Baba a Ɗakin Gwaji

Kusfa, Zariya, 1956

Zuwa ga ƙanena Labaran, a Kaduna. Gaisuwa da fatan alheri. Inna tana gaishe ka, ƙafar ce dai har yanzu.

Bayan haka, an ce ofishin gona zai ba da kwangilar ƙera bakin garmar shanu, kowane maƙeri ya aika samfur a gwada a ɗakin nan da kake aiki. Labaran, na gaji. Manoma sun koma sayen na kanti, wani yinin ko wuta ba na hurawa. In ban sami aikin nan ba, rufe maƙerar zan yi.

Na duba abin da nake ƙerawa, babu wanda ya kama ƙafar garmar marigayi Baba, wadda ya yi da tamar da ya narka da hannunsa. Na ɗauko ta daga ɗakin Inna ba da saninta ba, na cire ƙotar, na ba masinja tun makon jiya. In Turawanku sun gama kallo, ka maido ta da wuri.

Yayanka, Bahago

Kaduna

Zuwa ga Yaya Bahago, gaisuwa da ladabi. Allah ya ba Inna lafiya.

Yaya, kayan sun riga takardarka isowa. Nan ba kallo ake yi ba. Ana yanka ƙarfen gunduwa-gunduwa, a auna a sikeli, a danna shi jikin wili mai juyawa yashi na zuba, sannan a sake aunawa a ga abin da ya ci. Samfur kuma ba ya zuwa da suna, lamba kawai. Ni na sa wa garmar zarto. Da na karanta takardarka na koma na haɗa gutsattsarin, sai ga alamar Baba kusa da wuya. Ranar ban iya cin abinci ba.

Akwai kuma magana ta biyu. A cikin duk waɗanda aka gwada, ita ta fi saurin cinyewa. Wanda ya fi daɗewa na sifirin mota ne, ƙarfen nan na ƙarƙashinta mai ɗaukar nauyi. Ba a rufe karɓa ba, ka nemi sifirin ka ƙera wani.

Ka yafe mini. Ƙanenka, Labaran

Kusfa

Labaran, gaisuwa.

Haba! Garmar da ta nome gonarmu tun kafin a haife ka, ita ce za ka ce ta fi saurin ci? Wilin naku ya taɓa shiga kunyar gona da damina? Kun yanka, kun kuma zage ta. Tunda ba suna sai lamba, kai ke rubutawa, ka rubuta abin da ya dace da ita. Ka yi wa Baba wannan, in ba za ka yi mini ba. Jiya Inna ta sa a share ɗakinta, na yi ta kame-kame.

Bahago

Kaduna

Yaya, ina gaisuwa.

Ba zan iya canza abin da sikeli ya nuna ba. In na canza, manoma za a kai wa, kuma sunanka za su kira in ta cinye a tsakiyar huɗa.

Ka tuna, duk gabanin damina Baba yakan mayar da ita wuta, ya ƙara mata baki, kai kana zuga ni ina miƙa gawayi. Ƙarfen mai laushi ne, Yaya, Baba ne bai taɓa barinta ta ƙare ba. Wanda zai sayi bakin garma a wani ƙauye ba shi da Baba a gida. Ni ma na gaji da wannan aiki na cinye ƙarfen mutane.

Naka, Labaran

Kusfa

Labaran, gaisuwa.

Na gaya wa Inna. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dai ka aiko da gutsattsarin, har da garin da ya zube in zai tsintu. Tun sannan ba ta ƙara yi mini magana ba.

Na sayi sifirin a tasha, na ƙera, na ba masinja. Wannan ba na kowa ba ne. Yanka shi.

Yayanka, Bahago