Kifin Muntasir

Batsari

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Ina gaisuwa, ya haƙurinmu? A gaida Anti Lami.

Ranar addu'ar bakwai ka sa aka ɗauki gilashin kifin ƙanenka Muntasir, ka san ina takaba, ba halin in biyo ka. Da safe nakan ga kamar zai shigo ya ba kifayen abinci. Tunda ba za ka maido ba, ka ji yadda mijina yake yi. Ba a canza ruwan duka, kashi ɗaya cikin huɗu yake ɗiba duk Juma'a. Sabon ruwan sai ya kwana kusa da gilashin, sanyinsu ya zo ɗaya. Kada sabulu ya taɓa shi.

Ƙanwarka,
Shafa'atu

Safana

Wa'alaikumus salam Shafa'atu,

Bayan gaisuwa, kayan mamaci a hannun babba suke zama har a raba gado. Ruwan ya yi duhu, ga baƙi suna zuwa kallo, sai Lami ta juye shi, ta wanke gilashin da omo, ta jefa alif kamar yadda ake yi wa ruwan randa. Ya yi garau. Sai dai huɗu sun mutu, saura jan nan, shi ma yana kifewa. Ajali ne. Me ake ba shi?

Wassalam,
Lawal

Batsari

Salam Yaya,

Ba zan tambayi lafiyarka ba. Jan nan shi Muntasir yake kira Amarya don ya tsokane ni. Na rubuta maka komai, ka bari aka zuba musu guba don falonka ya yi kyau. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Jibi nake fita takaba. Gidanka zan fara takawa, da jarkar ruwan rijiyarmu. In na tarar ya mutu, a zaurenka zan ajiye shi gaban masu gaishe ka, in faɗa musu yadda aka yi.

Shafa'atu

Batsari

Salam Yaya,

Mun iso lafiya. Jan kifin da na ɗauko yana cikin robar wanka, yau ya miƙe har ya ci abinci.

Kamalu direba ya ce kana son turo gilashin. Kada ka turo. Rabona ne na gado, na kuma ba ka ajiya. Ya zauna a falonka babu ruwa, duk baƙon da ya tambaya ina kifin, kai za ka ba shi amsa.

Ka huta lafiya,
Shafa'atu