Tsayawar da Ban Rubuta Ba

Laraba, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a kan bencin bayan ma'aikata.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna?

An ba ni aikina na farko a injin yankan ƙarfe mai kwamfuta. Farantan ƙarfe ne masu kauri, ana so a zaftare kaifin gefensu a karkace, da faɗi sosai. Wuƙar injin da muke da ita ba ta kai ɗan yatsana ba, saboda haka na rubuta wa injin umarni ya riƙa zagayawa yana ci kaɗan-kaɗan, kowane zagaye ya ƙara nutsawa.

Yaya, bayan kowane zagaye injin yana tsayawa. Wuƙar ta ɗaga, ta yi cak kamar mai jiran wani, sannan ta ci gaba. Ban rubuta wannan ba. Na bi umarnin layi-layi, babu shi.

Mai walda da muke aiki tare ya yi ta dariya, wai Injiniya sabon yanka, ashe ba a koya mana wannan a makaranta ba? Ya ce Kawu, dattijon da ya riƙe injin kafin ni, yakan tsayar da shi, ya buɗe ƙofar injin, ya shafa gefen farantin da babban yatsa ya ji santsinsa. Na tambaye shi ina Kawun yake. Sai ya sauke gilashin fuskarsa ya koma walda.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Auta

Asabar, bayan la'asar, a ɗakina.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ni lafiyata lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya na manna fuskata a gilashin ƙofa lokacin tsayawar. Farin ruwan da ke sanyaya wuƙa ya lulluɓe gefen farantin. Ina kallo sai wani layi ya buɗe a cikin ruwan, faɗin babban yatsa, ya taho a hankali daga wancan ƙarshe zuwa wajena. Ƙofar a kulle take. A wuri ɗaya layin ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Da na fito da farantin na auna, daidai wurin akwai ɗan tudu.

Na faɗa wa Maigida, mai ma'aikatar. Ya ce shi ƙarfe yake sayarwa, ba tatsuniya ba, kuma tsayawar tana cinye masa lokaci. Ya cire makullin tsaron ƙofar da hannunsa, wanda ke hana a buɗe ta injin yana cikin aiki. Ya ce ranar Litinin, tunda injin yana tsayawa, in sa hannu in share ɓarɓashin ƙarfen, ko kuwa in bar wa wani aikin. Masu neman aiki sun yi layi.

Kin san shekarun da na yi a zaune kafin na sami wannan.

Abin da na sani ke nan. Ga abin da ban sani ba:

Ban san abin da ke tsayar da injin ba, don haka ban san abin da ke tayar da shi ba.

Ban san ko Kawu yana raye ba.

Ban san me ya sa mai walda ya matsar da teburinsa nesa da ni ba.

Ban san ko injin zai jira hannuna kamar yadda yake jiran na Kawu ba.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma amsa mini kafin Litinin.

Naki har kullum,
Auta